Babur ɗin ƙanƙara yana dukan ƙasa, kansa yana fizga: daga ina za a fara?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Manitoba ta ƙasar Kanada, shekarata ta huɗu ke nan. Bana na sayi babur ɗin ƙanƙara na hannu, Ski-Doo MXZ 600 ƙirar 2012, ya ci kilomita 9,000 da 'yan kai. Nauyina kilo 105. Da safe in hanya tana sumul ba laifi, amma da yamma in ta yi gargada sai bayansa ya riƙa dukan ƙasa har ina ji a ƙuguna. A kan hanya mai tauri kuma kansa yana fizga hagu da dama. Na murɗa sifirin na baya zuwa matakin ƙarshe, na ƙara ɗaure na tsakiya, amma dukan bai daina ba. Yanzu ma har cilla ni yake yi sama, kuma ya fara ƙin shan kwana. Wani lokaci ina jin ƙaurin roba. Me zan taɓa?"

Wa'alaikumus salam, Malam, barka da sanyi. In na fahimce ka, kukanka ya kasu gida-gida: baya yana ƙurewa a gargada, kai yana fizga a hanya mai tauri, ga cilli da ƙin kwana da suka biyo bayan murɗe-murɗen da ka yi, ga kuma ƙauri. Ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Cillin da ƙin kwanar da hannunka ka jawo su, kuma kusan duk sabon mai babur haka yake yi, domin sifirin shi ne abin da ido yake gani, shi ne kuma sifana take kamawa. Zatona mafi ƙarfi, tun ban ga babur ɗin ba, shokokin baya sun mutu. Babur mai kilomita 9,000 da mai sayarwa bai nuna maka takardar gyaran shoka ba, ka ɗauka kawai tun daga kamfani ba wanda ya buɗe su.

Yadda nauyi yake rabuwa

Babur ɗin a wuri uku yake tsaye. Na farko takalman gaba guda biyu, wato dogayen allunan da suke zamewa a kan ƙanƙara a madadin taya, kowanne da shokarsa da sifirinsa, an ɗaure su da hannuwa masu siffar A. Sauran biyun suna cikin sarƙar robar da take tura babur ɗin. A cikinta akwai sanduna biyu na alminiyom, ana ce musu rel, suna kwance a tsawon sarƙar, kuma hannu biyu ne suke haɗa su da gangar jiki. Hannun gaba yana da shokar tsakiya mai sifirin naɗaɗɗe, da wata ɗamara mai huji-huji da ake kira limita. Hannun baya yana da tasa shokar, da sifirin biyu na murɗi, ɗaya hagu ɗaya dama, masu doguwar ƙafa.

Nauyinka da na babur a kan waɗannan wurare ukun ake raba shi, kuma jimillar ba ta canzawa. Duk abin da ka ƙara wa wuri ɗaya, daga wani ka cire shi. In ka ɗaure sifirin tsakiya, tsakiya ta ɗauki kaya, takalma sun yi sauƙi, sitiyari ya yi laushi a hannu amma wuƙaƙen ƙarƙashin takalmi, wato ƙarafan da suke yanka hanya, sun rage cizo. In ka ɗaure na baya, gindin babur ya ɗaga, nauyi ya gangaro kan takalma, kai ya yi nauyi. Kai kuwa ka ɗaure duka biyun a lokaci guda. Ka mai da shi kamar lilo mai tudu a tsakiya: ka taɓa totur gaba ya ɗaga, ka saki ya dunƙura. A tsakiyar kwana, da zarar ka ba shi wuta, takalma su saki hanya ya miƙe da kai.

Aikin sifirin daban, na shoka daban

Sifirin ɗaukar kaya yake yi. Shoka kuwa gudun motsi take tsarewa, wato saurin da sifirin zai matse da saurin da zai dawo. A cikinta akwai mai da fistin mai ƙananan ƙofofi, a ƙarshenta kuma akwai ɗaki na iskar naitirojin, wanda wani fistin mai yawo ya raba shi da man. Matsin iskar, wanda ake aunawa da psi, yakan kai 200 zuwa 300 gwargwadon irin shokar, kuma amfaninsa hana man yin kumfa. In sil, wato robar da take hana yoyo, ya gaji, iskar ta zurare cikin mai, ruwan ƙanƙarar da ta narke ya bi sandar ya shiga. Mai kumfa ba ya riƙe komai. Shi ya sa da safe kake jin daɗinsa: hanya sumul, gireda ta bi ta da dare, shoka ba ta da aiki. Da yamma babura ɗaruruwa sun tona hanyar, shoka tana sama da ƙasa babu hutu, man ya yi zafi ya tsinke, sai ƙarfe ya fara gaisawa da ƙarfe.

Nan ne ɗaure sifirin yake yaudarar mutum. Ɗaurin ba ya canza taurin sifirin. Yawan ƙarfin da ake bukata a matse shi santimita ɗaya yana nan yadda aka ƙera shi. Abin da ɗauri yake canzawa shi ne tsayin da babur zai tsaya a kai. Yana ɗan jinkirta ƙurewa, gaskiya ne, amma kuma yana tara ƙarfi mai yawa a cikin sifirin, kuma shokar da za ta riƙe wannan ƙarfin a wajen dawowa ba ta da rai. Sakamakon shi ne cillin da kake ji a kujera.

Gwajin ba shi da wuya. Ka kwanto shokar, ka cire sifirin in tana da shi, ka kafa gindinta a ƙasa ka danna sandar da nauyin jikinka. Mai lafiya za ta yi maka gardama iri ɗaya tun daga sama har ƙasa, in ka saki ta fito da kanta a hankali har ƙarshe. In ta shige fuu a santimita na farko kafin ta kama, ko ka ji ƙarar ɓul-ɓul a ciki, ko ta tsaya a rabi ba ta fito ba, ta gama. Ka duba sandar da farce. In akwai tsatsa ko tsaguwa da farce yake kamawa, sabon sil ma ba zai daɗe ba, sai an sake sanda. Danshin mai da ƙura ta manne a wuyan shoka shi ma shaida ne.

Sannan ka dubi jikinta. Mai murfin da ake kwancewa da wurin cika iska ana gyara ta: a wanke, a sa sabon sil da mai, a cika naitirojin. Wadda aka like bakinta gaba ɗaya sai dai a jefar a sayi wata. A ƙirar MXZ ana samun duka biyun, ya danganta da ajin da mutumin farko ya saya. Kada ka buɗe ta da kanka in ba ka da kayan aikin, domin matsin cikin yana iya harba murfi kamar harsashi, kuma kada wani ya cika maka ita da iskar kwampiresa, danshin cikinta zai daskare. Masu wannan sana'a galibi suna son a kawo musu shoka duk kilomita 3,000 zuwa 5,000. Ni ina ganin wanda yake hawa a gargada ya riƙe ƙasan wannan adadin, musamman shokar tsakiya, wadda ita ce take shan duka da ruwa fiye da kowacce.

Tun da ka riga ka shiga ƙasa

Ka jingina babur a gefe, ko ka rataye bayansa da igiya mai ƙarfi, ka bar shi ya kwana a gareji mai ɗumi ƙanƙarar ciki ta narke. Ƙanƙarar da ta daskare a cikin sarƙa tana da nauyi sosai, kuma tana iya riƙe hannuwan har ka zaci sifirin ne ya yi tauri. Duk awon da aka yi da ita a ciki ƙarya ne.

Ka kama kowane hannu ka girgiza. Sandunan da hannuwan suke juyawa a kansu su ne suke fara cijewa in an daɗe ba a ba su giris ba, kuma hannun da ya cije yana sa babur ya yi tauri a ƙananan tudu sannan ya faɗa gaba ɗaya a manya. A ba su giris na sanyi har sai tsohon ya fito ta gefe. Giris ɗin mota na yau da kullum a digiri 30 ƙasa da sifiri kamar sabulu yake komawa. Ka juya kowace ƙaramar taya da hannu, wadda ta yi gurnani ko ta yi rawa a sake mata boris. Ka duba bushin na idon shoka, ka duba rel ko ya tanƙware ko ya tsage a wajen notuna, ka duba doguwar ƙafar sifirin murɗi ko ɗaya ta karye ko ta zame daga mazauninta. Notuna huɗun da suke riƙe duka wannan kayan da gangar jiki suna yawan kwancewa, in aka bar su sai su faɗaɗa hujin ya koma kamar ƙwai. A ɗaure su da sifana mai awo bisa adadin littafin kamfani, da ɗigon gam ɗin noti.

Awon nutso

Sai an gama wannan, shokoki sun dawo daga gyara, sannan a fara saiti. Ka mai da komai inda kamfani ya sa shi: sifirin tsakiya, hujin limita, da tubalan haɗi da za mu zo kansu nan gaba. Littafin mai babur na wannan ƙirar yana shafin intanet na BRP, kamfanin da yake ƙera Ski-Doo, kyauta.

Kana bukatar mutum na biyu da tef ɗin awo, a kan daɓe mai shimfiɗa. Ka ɗaga bambar baya har sai hannuwan sun miƙe gaba ɗaya amma sarƙa ba ta bar ƙasa ba, a auna daga daɓe zuwa wani tabo a kan bambar. Ka manna salatif a wurin don kada a ɓata. Sai ka hau da cikakkiyar shigarka, hular kwano, takalman sanyi, jaka da duk abin da kake ɗauka, domin kayan nan suna ƙara kilo da dama a kan 105 ɗinka. Ka yi tsalle sau biyu a kan kujera, ka zauna yadda kake zama in kana tafiya, a sake aunawa. Bambancin awo biyun shi ne nutso. Yawancin littattafan Ski-Doo na wancan zamani suna son milimita 50 zuwa 75. Wasu kamfanonin suna ba da fiye da haka, don haka kada ka ari lambar abokinka mai Polaris.

In nutso ya wuce 75, a ƙara ɗauri mataki ɗaya a sake aunawa. In bai kai 50 ba, a rage. Ɗaurin sifirin murɗi da wani dunƙulen roba mai matakai ake yinsa, gajeriyar ƙafar sifirin tana zaune a kansa. Ka ɗaga baya kafin ka juya shi, ka bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tsallaka daga mafi tsawo kai tsaye zuwa mafi gajarta, dunƙulen yana fashewa ko sifana ta kuɓuce ta sami yatsa. Hagu da dama ina barinsu a mataki ɗaya.

Ga inda nauyinka ya shigo. Sifirin da kamfani yake sawa don mai matsakaicin jiki ne, wajen kilo 80, kuma naka ya shekara fiye da goma yana ɗauke da babur. In ka kai matakin ƙarshe nutso bai dawo cikin iyaka ba, ko ya dawo da ƙyar, sifirin ya yi maka kaɗan. Akwai masu kaurin waya da ake sayarwa don wannan ƙirar, dila zai duba maka lamba. Sifirin mai ƙarfi a mataki na biyu ya fi mai rauni a mataki na ƙarshe daɗin hawa nesa ba kusa ba, domin yana barin baya ya nutsa ya bi ƙananan ramuka, ƙarfinsa kuma yana jira a can ƙasa inda ake bukatarsa. In za ka yi haka, ka sayi sifirin kafin ka kai shoka gyara, ka gaya wa mai gyaran nauyinka da sifirin da ka sa. Sifirin mai ƙarfi yana son shokar da ta fi riƙe dawowa, shi kuma yana iya sake jera faifan cikin fistin ya dace da hakan tun da ta riga tana buɗe a gabansa.

Tsakiya, limita da tubalan haɗi

Sifirin tsakiya shi ne mafi tasiri a kan yadda babur yake shan kwana, kuma kaɗan yake so. Bayan ka mai da shi wurin kamfani, ka gwada. In har yanzu yana miƙewa a kwana, ka sassauta zoben zagaye biyu. In sitiyari ya yi nauyi har kafaɗunka suna ciwo bayan awa ɗaya, ka ƙara zagaye biyu. Akwai iyaka a ƙasa: in ka ɗaga babur, dole sifirin ya kasance a matse ko da kaɗan ne. Wanda yake rawa a kan shoka, farantin da yake riƙe shi zai faɗi a hanya.

Limita tana ƙayyade yadda gaban rel zai sauka ƙasa. In aka gajarta ta, gaban rel ya ɗago, takalma su danne hanya, kuma ba sa ɗagawa sosai in an ba da wuta. Kuɗin da ake biya shi ne an rage wa shokar tsakiya tafiya, don haka gargada ta fi shigowa jiki. In aka tsawaita, gaba ya yi sauƙi, nauyi ya koma baya da sauri, sarƙa ta fi kama ƙasa wajen tashi, kwana kuma ta lalace. Mutane suna saurin zuwa wajen limita saboda huji ɗaya yana kawo canji babba. Ni a ƙarshe nake taɓa ta, bayan sifirin tsakiya ya kasa, kuma huji ɗaya tak. Duk lokacin da aka canza ta a sake duba ɗaurin sarƙa.

Tubalan haɗi suna can baya a jikin hannun baya, ƙananan dunƙule ne masu fuskoki daban-daban a kauri. Su ne suke yanke lokacin da hannun baya zai jawo na gaba su yi aiki tare. In aka juyo fuska mai kauri wajen abin da take tokara, haɗin yana zuwa da wuri: takalma su zauna a ƙasa wajen fita daga kwana, sifirin gaba da na baya su raba dukan tudu. Ga mai nauyinka a hanyar gireda, wannan yakan taimaka. Tubalan biyu dole su kasance a fuska ɗaya, in ba haka ba hannun zai murɗe.

Fizgar kai

Wannan ba ruwansa da shokar baya. A ƙarƙashin kowane takalmi akwai sandar ƙarfe mai bakin kabayid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, ita ce wuƙar da take yanka hanya. A hanya mai tauri da babura suka bi, akwai ɗaruruwan tsagogi da wuƙaƙensu suka bari, taka wuƙar kuma tana faɗawa ɗaya ta bi shi, ta fita ta faɗa wani. Ba a raba babur da wannan ɗabi'a gaba ɗaya, amma ana rage ta ƙwarai.

A fara da saitin takalma. Ka daidaita sitiyari, ka tabbata takalmi ɗaya yana layi ɗaya da sarƙa ta hanyar jingina dogon katako miƙaƙƙe a gefenta. Ka ɗaura igiyar roba tsakanin hancin takalman biyu ta ɗan jawo su ciki, don ta kwashe rawar da ke cikin tayarod. Sai ka auna tazara tsakanin wuƙaƙen biyu santimita 25 gaba da notin da takalmi yake juyawa a kai, da santimita 25 bayansa. Gaba ya fi baya faɗi da kamar milimita 3, kada ya wuce 6. In gaba ya fi baya ƙunci ko da milimita ɗaya ne, takalman suna faɗa da juna, kowanne yana neman ya tsallaka gaban ɗan'uwansa, kuma wannan kaɗai ya isa ya kawo duk fizgar da ka bayyana. In ka riƙe takalmi ɗaya wani ya girgiza ɗayan ka ga rawa mai yawa, a fara sake bol-joyin da bushin, domin ba a saita abin da yake rawa.

Abu na biyu ƙarami ne, mai arha, kuma shi aka fi mantawa. Tsakanin takalmi da ƙafar da take riƙe shi akwai dunƙulen roba. Aikinsa ya ɗan ɗaga hancin takalmi, nauyi ya zauna a bayan noti. In ya tsufa ya lotsa, gaban wuƙa ne yake fara cizo, kamar ka tura baro da tayar da take gaban hannu tana neman hanyarta. Ka juya takalmin ka dubi wuƙar: in gabanta ya fi bayanta cinyewa, robar ce. A sa sabuwa, ko a cusa siririn yankin roba mai tauri, milimita 3 zuwa 6, a ƙarƙashin bayanta. Wuƙar da ta lanƙwashe ko kabayid ɗinta ya ɓalle a sake ta, biyu tare.

Tsawon kabayid ya dace da kamun baya. In sarƙarka ba ta da ƙusoshi, mai inci 4 ya isa. In an dasa mata ƙusoshi 96 ko fiye, baya yana tura gaba da ƙarfi, sai a je inci 6. Dogon kabayid a kan sarƙa marar ƙusa yana ƙara fizga, kuma yana sa gindi ya zame ya wuce kai a kan ƙanƙara. Akwai wuƙaƙe masu baki biyu da aka yi don maganin fizga, suna aiki, sai dai sukan ɗan rage cizon kwana a dusa mai laushi.

Sifirin takalma kuwa ka bar su kusa da na kamfani, hagu da dama daidai, ka auna tsawonsu da tef. In aka ɗaure su da yawa gaba ya yi tsawo, takalmin ciki ya riƙa ɗagawa a kwana. Ka leƙa ƙananan sandunan da suke haɗa sitabilaiza, wato sandar da take rage karkatar babur a kwana, da hannuwa, ɗaya yakan karye ba a sani ba.

Ƙaurin roba

A ƙarƙashin kowane rel akwai doguwar roba mai santsi, ana ce mata haifas, a kanta ƙarafan sarƙa suke zamewa. Kamfanin Arctic Cat ne ya fito da wannan tsari a 1966 a kan babur ɗinsa Panther, kafin nan tayoyi ne jere a ciki, kuma tun lokacin ba a sami wani mai da za a shafa mata ba sai dusar ƙanƙarar da take fantsamowa. A hanyar da ta daskare kamar siminti, ko a kan tafkin Winnipeg in iska ta share shi, babu dusar da za ta tashi. Robar ta yi zafi, ta narke, har takan manne da sarƙa in ka tsaya. Babur irin naka mai sanyaya inji da ruwa, ita wannan dusar ce kuma take sanyaya bututan da ke ƙarƙashin kujera, don haka in ka ji ƙauri ka kalli ma'aunin zafi. Maganin nan take shi ne ka ratse cikin dusa mai laushi a gefen hanya lokaci-lokaci. Na dindindin kuma a ɗaura 'yan ƙarafan nan masu karce ƙanƙara a gefen rel. In na sifirin ne a ɗage su kafin a yi ribas, in ba haka ba su lanƙwashe.

A gefen haifas akwai layin da aka zana a tsawonsa, in cin ya kai layin ko a wuri ɗaya ne a sake duka biyun. Ya fi cinyewa a inda rel ya lanƙwasa a gaba. Noti ɗaya ne yake riƙe shi, a sassauta sarƙa a zaro shi ta taga ɗaya a baya.

Sarƙar da aka ɗaure da yawa tana ninka matsalar, kuma tana cin boris da ƙarfin inji. A ɗaga baya, a kashe inji a cire makulli, a danna sarƙa ƙasa a tsakiyar tazarar tayoyin gaba da na baya da ƙarfin kilo 7.3. Ratar da za ta buɗe tsakanin haifas da sarƙa a Ski-Doo na wannan aji milimita 30 zuwa 35 ce. Ma'aunin rataye irin na masu kifi yana yin aikin. In ta yi sako-sako kuma za ka ji tana tsallake haƙora, ƙarar ta-ta-ta a ƙarƙashin ƙafarka in ka ba da wuta da ƙarfi. Bayan ɗauri a duba ko tana tafiya a tsakiya: baya a ɗage, kowa ya kauce daga bayan babur, a juya ta a hankali daƙiƙa 15 zuwa 20, a bar ta ta tsaya da kanta ba birki, a kashe inji, a gwada ratar hagu da dama. In ta karkata hagu, notin hagu ake ƙara wa ɗauri.

Maɓallan shoka, in kana da su

Wasu shokokin suna da maɓalli mai ƙas-ƙas. A kan rufe shi gaba ɗaya ta hannun agogo, ba da ƙarfi ba don allurar ciki siririya ce, sannan a ƙirga ƙas nawa aka buɗe. Na matsewa in aka rufe yana rage ƙurewa, ya ƙara tauri. Na dawowa in ya buɗe da yawa babur ya yi cilli. In ya rufe da yawa, a jerin gargada shoka ba ta gama fitowa kafin tudu na gaba, tana ta shigewa har tafiyarta ta ƙare. Wannan na biyun yana rikita mutane, domin ji ake kamar tauri ya yi yawa, alhali dawowa ce ta yi jinkiri. Ƙas biyu-biyu ake tafiya.

In wata rana ka sa shokar iska irin Fox Float a gaba, ka tuna iska tana ƙanƙancewa a sanyi. Wadda aka cika psi 70 a gareji mai digiri 20, a waje mai digiri 20 ƙasa da sifiri za ta sauko wajen 58. A cika ta a yanayin da za a hau, takalma a ɗage daga ƙasa.

Duk wannan bayani na hanyar gireda ne irin ta Manitoba. Saitin masu hawan duwatsu a British Columbia cikin dusa mai zurfi wani abu ne daban, kusan kishiyar wannan. Kuma daga wasiƙa ba a ganin hannun A da ya lanƙwashe ko gangar jikin da ta taɓa cin karo da kututture. In ka yi saitin takalma daidai amma babur yana ja gefe ɗaya, ko takalmi ɗaya ya fi ɗayan matsowa baya in ka auna daga noti ɗaya na jiki a kowane gefe, wannan aikin mai gyara ne da zai sa ido a kai.

Wajen gwaji, ka zaɓi yanki guda na hanya, kamar kilomita biyu, mai gargada da kwana biyu ko uku, ka riƙa maimaita shi da gudu ɗaya. Ka fara da minti goma na tafiya don man shoka ya ɗumama, domin a sanyin Janairu shokar da ta kwana a waje tauri take yi kamar an zuba mata zuma. Canji ɗaya, zagaye ɗaya, ka rubuta a ɗan littafi da fensir, biro ba ya rubutu a wannan sanyin. Tankin mai ya kasance wajen rabi duk lokacin gwaji, don cikakken tanki na lita 40 yana ɗora kusan kilo 30 a tsakiyar babur.